Takalmin Kariya: Haƙƙin da Leburori Baƙi Ke Tsoron Nema a Faransa

Tun kafin gari ya waye, tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Montreuil, a gabashin Paris, kan cika da leburori masu tafiya wuraren gine-gine. Da yawansu 'yan Afirka ta Yamma ne, musamman Mali, abin da ya sa wasu ke kiran garin Bamako ta biyu. Wanda ya dubi ƙafafunsu zai ga bambanci: wani na sanye da takalmin kariya mai nauyi, wani kuwa kambas ne kawai.

Bambancin ba ƙarami ba ne. Bisa ƙa'idar ƙasashen Turai, dole ne murfin da ke kan yatsun irin wannan takalmi ya jure bugun abu mai nauyin kilo 20 da ya faɗo daga tsayin kusan mita ɗaya. Na magina kuma yana da faranti a tafinsa, don kada ƙusa ko tsinin rodi su huda. Ga lebura, karayar yatsa ɗaya na nufin makonni a kwance, iyali kuma a gida na jiran aike.

Dokar ƙwadago ta Faransa ta ɗora wa mai ba da aiki nauyin samar da kayan kariya kyauta, kuma ba ta ware wanda ba shi da takardun zama ba. Sai dai doka daban, filin aiki daban. Wanda ke aiki a ƙarƙashin ƙaramin ɗan kwangila, wani lokaci ma da takardun aro, ya san cewa tambayar takalmi na iya zama sanadin sallama. Don haka ko ya saya da kuɗinsa, ko ya shiga haka nan.

A shekarar 2023, wasu ma'aikata goma da suka yi aikin gine-ginen wasannin Olympics na Paris ba tare da takardu ba sun kai ƙarar kamfanoni gaban kotun ƙwadago ta Bobigny, da goyon bayan ƙungiyar ƙwadago ta CGT, wadda hedkwatarta ke Montreuil ɗin. Rashin kayan kariya na cikin koke-kokensu.

Akwai kuma waɗanda aka bai wa takalmin amma suke ajiye shi, wai yana da nauyi ko zafi. Wannan uzuri ya fara tsufa, domin yanzu ana yin murfin da wani abu mai sauƙi maimakon ƙarfe.