Shagon Naka Ne, Lambar ta Kamfani Ce

A Madawa lokacin cirar albasa, ko a Buza da Keita idan 'yan ci-rani suka fara turo kuɗi daga Abijan da Libiya, za ka ga layi a bakin shagon aika kuɗi. Mai shagon na bayan waya, littafi a gabansa, yana ƙirga jika-jika. Ginin nasa ne, jarin nasa ne, mutanen da suka yarda da shi ma nasa ne. Amma allon da ke saman ƙofa da lambar wakilcin da yake aiki da ita na kamfani ne, kuma yarjejeniyar da ke tsakaninsu kan hana shi miƙa su ga wani sai da izinin kamfanin a rubuce.

A nan rigimar ke tasowa. A Adar da kewayenta, mutum ya bar wa ƙanensa shago ya tafi nema ba baƙon abu ba ne. Uba ya rasu, babban ɗa ya buɗe butiki bayan sadakar bakwai. Wani kuma bashi ya ci shi, ya sayar da wurin har da lambar, a tafa hannu gaban shaidu. A idon gari ciniki ya faɗa. A idon kamfani an karya alkawari, kuma yana da hujjar soke wakilcin.

Kamfanin yana da dalilinsa, bai kamata a raina shi ba. Ƙa'idar da babban bankin BCEAO ya fitar a 2015 kan kuɗin waya ta ɗora wa mai fitar da kuɗin alhakin abin da wakilansa suka aikata. Idan lambar ta koma hannun wanda ba a tantance ba, ya ci kuɗin wata tsohuwa, sunan kamfani ne zai ɓaci, shi kuma za a tuhuma. Ga iyakar Najeriya kusa, ta wajen Bangi, inda sefa da naira ke sauya hannu kullum, abin da ke ƙara wa kamfanin dalilin sa ido.

Abin da ke damuna shi ne ma'aunin bai daidaita ba. A watan Nuwamban 2019 kamfanin Orange na Faransa ya sayar da reshensa na Nijar ga Zamani Com, dillalai suka wayi gari da sabon ubangida, daga baya aka sauya allo. Babba ya sayar da kansa cikin sauƙi, ƙarami kuwa ko ɗan cikinsa bai iya gadar wa wurin da ya yi shekaru yana ginawa. Dokokin kasuwanci na OHADA da Nijar ke bi ba su ware wa irin wannan wakilci na aron suna babi nasa ba, don haka abin da takardar yarjejeniyar ta ce shi ke aiki. Takardar kuwa da Faransanci take, kamfani ne ya tsara ta, da yawa sun sa hannu ba wanda ya karanta musu.

Ranar da aka rufe lamba, asarar ba ta tsayawa kan mai shago. Matar da mijinta ya turo kuɗin hatsi sai ta hau kabu-kabu zuwa wani gari, ta biya kuɗin hanya daga cikin abin da aka aiko mata. Da kamfanonin za su tanadi hanya bayyananniya ta sauya sunan wakili, a bai wa magaji wa'adi ya kawo takardunsa a tantance shi a Tawa maimakon Yamai, da yawancin waɗannan shaguna ba a sa musu kwaɗo ba.