Kunne Ba Ya Sabawa da Ƙara

Duk wanda aka yi wa maganar ƙarar janareta ko ta injin niƙa, amsar da ke bakinsa ita ce ai ya saba. Ba ƙarya yake yi ba, domin hankali kan kau da kai daga ƙarar da ta daɗe har mutum ya daina lura da ita. Sai dai hankalin ne kaɗai ke sabawa. Kunne da zuciya kuwa a jikinsu abin yake ƙarewa.

Can cikin kunne akwai wani ɗan sashe mai siffar dodon koɗi, cike da ruwa. Georg von Békésy ya samu kyautar Nobel a 1961 saboda gano yadda sauti ke tafiya a cikinsa. A nan ne wasu ƙananan ƙwayoyi masu gashi a ka suke jere, kimanin 16,000 a kowane kunne, kuma su ke mayar da girgiza ta zama saƙon da jijiya za ta kai ƙwaƙwalwa. Ƙara mai tsanani tana galabaitar da su, in ta daɗe ta kashe su. A ƙarshen shekarun 1980 aka gano cewa tsuntsu kan fitar da sababbi, amma a jikin ɗan Adam wadda ta mutu ta tafi ke nan. Shi ya sa masana lafiyar ma'aikata a Amurka suka sa iyakar ƙarfin ƙara a desibel 85 na awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi. Kafin a kai desibel 100, minti 15 kacal ya saura.

Wani zai ce ya sha tsayawa gaban lasifika a gidan biki, kunnensa ya toshe, ya yi ta jin "wiii", washegari komai ya koma daidai. A 2009 Sharon Kujawa da Charles Liberman na Jami'ar Harvard suka gwada haka a kan ɓeraye. Jin ɓerayen ya dawo bayan 'yan makonni, amma da aka duba cikin kunnen sai aka tarar mahaɗar ƙwayoyin da jijiyar ji ta tsintsinke da yawa. Gaskiya ne ɓera ba mutum ba ne, kuma ana kan muhawara game da girman wannan ɓarna a jikin mutane. Duk da haka, dawowar ji ta daina zama hujjar cewa babu abin da ya lalace.

Masu ɗora komai a kan tsufa su ma akwai abin dubawa. A farkon shekarun 1960 likita Samuel Rosen ya auna jin mutanen Mabaan na ƙasar Sudan ta wancan lokaci, waɗanda ke zaune nesa da injuna, ya tarar tsofaffinsu sun fi takwarorinsu na Amurka ji nesa ba kusa ba. An ce abincinsu ma ya taimaka, ba a musa ba.

Hujjar da ta fi rusa maganar sabo ita ce ta barci. A wani bincike da aka buga a 2008, an ɗaura wa mazauna kusa da filayen jiragen sama na Turai na'urar awon jini da dare. Jirgi na wucewa sai jinin ya ɗan hau, alhali mutum yana ta sharar barci. Kunne ba shi da murfi irin na ido, ƙwaƙwalwa kuma tana ɗaukar ƙara a matsayin barazana, sai bugun zuciya ya ƙaru. Wanda ke kwana da janareta a gindin taga yana iya rantsuwa cewa bai farka ba ko sau ɗaya, kuma a yarda da shi.

Ba kowa ke da na'urar awon ƙara ba, amma akwai gwaji mai sauƙi. In sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye tazarar hannu ɗaya da kai ya ji ka, to ƙarar wurin ta kusa desibel 85 ko ta wuce. Mai markaɗe da mai walda a irin wannan wuri suke wuni, galibi ba tare da abin toshe kunne ba.