Bindiga Mai Ɗura Kanta da Dilan Amurka: Me Ya Sa Harbi Bai Rage Yawansa Ba?

Tun ranar da ɗan Adam ya fara kiwo yake gaba da namun dajin da ke cin nama. Makiyayin da ya wayi gari ya tarar an yayyaga masa ɗan tunkiya ba ya bukatar dogon bayani a kan amfanin namun daji, maganin ɓarawo yake nema. A ƙasar Amurka, babban ɓarawon tumaki wata dabba ce da ake kira koyoti, kuma ɗaya daga cikin makaman da mafarauta da makiyaya suka fi ɗauka dominta a yau ita ce bindiga mai ɗura kanta. Abin mamaki shi ne, an shafe fiye da shekara ɗari ana kashe wannan dabba, amma kullum ƙara bazuwa take yi. Wannan maƙala za ta duba dalilin haka ta fuskar ilimin halittu.

Wane ne koyoti?

Koyoti ɗan dangin kare ne, sunansa na kimiyya Canis latrans, wato kare mai haushi. Idan mai karatu ya san dila, to ya kusa sanin koyoti: dogon baki, tsayayyun kunnuwa, wutsiya mai gashi, sai dai ya ɗan fi dila girma, domin nauyinsa yakan kama daga kilo 9 zuwa 20. Kamar yadda muke kiran dila malamin daji, haka 'yan asalin Amurka suka mayar da koyoti gwanin wayo a tatsuniyoyinsu. Ba ya zaɓen abinci. Yana cin zomo da ɓera da fara da 'ya'yan itatuwa da mushe, idan kuma ya sami sarari ya kama ɗan tunkiya. Alƙaluman Ma'aikatar Gona ta Amurka sun sha nuna cewa fiye da rabin tumakin da namun daji ke kashewa a ƙasar aikin koyoti ne. Saboda haka kukan makiyaya ba na banza ba ne.

Yadda bindigar take aiki

Bindigar toka da maharbanmu suka sani sai an ɗura mata albarushi bayan kowane harbi. Ita kuwa bindiga mai ɗura kanta, da hayaƙin harbin farko take shirya na biyu. Idan albarushi ya kama wuta, iska mai zafi ta ingiza harsashi ta cikin bututu. Wani ɓangare na iskar sai ya bi ta wata 'yar kafa ya tura ƙarfen da ke bayan harsashin, ya fitar da kwanson da ya ƙone, sannan waya mai lanƙwasa ta dawo da ƙarfen gaba ya ɗauko sabon harsashi. Duk wannan yana faruwa kafin ƙiftawar ido. Sai dai a lura da bambanci: kowane jan kunama harsashi ɗaya yake fitarwa. Wadda ke ta aman wuta muddin yatsa na kan kunama ita ce mai sarrafa kanta, irin ta sojoji.

Wadda ta fi shahara a wannan farauta ita ce AR-15. Injiniya Eugene Stoner da abokan aikinsa suka tsara ta a kamfanin ArmaLite a ƙarshen shekarun 1950, kamfanin Colt kuma ya fara sayar wa farar hula samfurinta mai ɗura kanta a farkon shekarun 1960. Harsashinta da aka fi sani, .223 Remington, ƙarami ne, bai kai giram 4 ba a mafi yawan lokuta, amma yana fita da gudun fiye da mita 900 a daƙiƙa ɗaya, wato kusan ninki uku na gudun sauti. Ba ta dukan kafaɗa da ƙarfi, don haka idon maharbi ba ya barin abin da ya auna. Maharbin yakan ɓuya ya kunna na'ura mai kwaikwayon kukan zomon da aka kama. Sau da yawa koyoti biyu ke amsa kiran, kuma da zarar an harbi ɗaya, ɗayan zai ruga da gudun da ya kai kilomita 60 a awa. A nan ne saurin harbi na biyu yake da rana.

Mallakar irin wannan bindiga abin jayayya ne a Amurka, saboda an yi amfani da ita wajen kashe mutane da yawa a makarantu da wuraren taro. Dokar tarayya ta 1994 ta hana ƙera wasu samfuranta domin farar hula, amma wa'adin dokar ya ƙare a 2004. Kowace jiha da nata tsarin. Jihar Fensilbaniya, alal misali, sai a 2017 ta yarda a yi farautar koyoti da ƙananan dabbobi da bindiga mai ɗura kanta.

Yaƙin da ya ƙi ƙarewa

Bindiga sabon shiga ce a tsohon yaƙi. A 1931 majalisar dokokin Amurka ta zartar da dokar da ta ba gwamnati ikon kawar da namun dajin da ke ɓarna. An yi amfani da tarko da guba, har da mummunar gubar nan da ake kira 1080, wadda ta riƙa kashe duk abin da ya ci mushen da aka barbaɗa wa. A 1972 Shugaba Richard Nixon ya hana zuba irin wannan guba a filayen gwamnatin tarayya. Kisan dai bai tsaya ba. A shekarun 2010, sashen Ma'aikatar Gona da ake kira Wildlife Services shi kaɗai yana kashe koyoti fiye da 60,000 a kowace shekara, ban da na mafarauta masu zaman kansu. A 2012 jihar Yuta ta sanya ladan dala 50 a kan kowane koyoti da aka kashe.

Mene ne sakamakon? Asalin mazaunin koyoti shi ne filayen ciyawa da busassun ƙasashe na yamma da tsakiyar Amurka ta Arewa. A yau yana cikin jihohi 49 daga cikin 50, Hawai ce kawai babu shi. Yana yawo da dare a unguwannin birnin Shikago, inda masana ke bin diddiginsa tun shekarar 2000, kuma ya gangara kudu har ya tsallaka mashigin ruwan Fanama. Wani nazari da James Hody da Roland Kays suka wallafa a 2018 ya nuna cewa faɗin ƙasar da yake zaune ya ƙaru da kimanin kashi 40 cikin 100 tun daga shekarun 1950.

Dalili na farko shi ne ɗan Adam da kansa ya share masa hanya. Ya sare dazuzzuka ya mayar da su gonaki, sannan ya kashe babban yayan koyoti kuma babban abokin gabarsa, wato kyarkecin Amurka. An ga shaidar wannan a gandun dajin Yellowstone. An ƙarar da kyarkeci a can tun 1926. Da aka dawo da guda 31 daga Kanada a 1995 da 1996, cikin 'yan shekaru yawan koyoti a arewacin gandun ya ragu da kusan rabi. Abin da guba da harsashi suka kasa, ɗan uwa ya yi shi.

Lissafin haihuwa

Dalili na biyu yana cikin tsarin rayuwar koyotin. Inda ba a dame shi ba, yana zama ne gida-gida. Namiji da mace manya suna riƙe da yanki guda, suna kewaya iyakarsa suna sa alama da fitsari, kuma a mafi yawan lokuta su kaɗai ke haihuwa. Macen takan haihu sau ɗaya a shekara, bayan ciki na kimanin kwana 63. Sauran matasa ko dai su zauna su taya reno, ko su shiga yawo suna neman yankin da babu mai shi. Wannan tsari shi ke taka wa yawansu birki. Idan aka buɗe musu wuta, abubuwa huɗu kan faru.

Na farko, abinci yakan yalwata ga waɗanda suka rage, mace mai ƙoshi kuma ta fi haihuwa da yawa. A 1972 masanin dabbobi Frederick Knowlton ya kwatanta yankunan jihar Teksas, ya gano cewa inda koyoti suke da yawa matsakaicin abin da mace ke haifa 4.3 ne, inda ake tsananta kashe su kuwa ya kai 6.9. Ɗalibai su ɗauki alƙalami. Mata 10 sau 4.3 sun ba da 'ya'ya 43. A kashe uku, a bar bakwai: 7 sau 6.9 ya ba da 48. An kashe mata uku, amma 'ya'yan da aka haifa sun fi na da. Na biyu, matan da a da ba su da damar haihuwa, har da 'yan shekara ɗaya, sai su fara. Na uku, 'ya'yan da yunwa kan kashe tun suna ƙanana sai su rayu. Na huɗu, masu yawo daga maƙwabta sukan cike gurbin da aka bari. A kudu maso gabashin jihar Kolorado, Eric Gese ya ga an kashe kusan rabi ko fiye na koyotin wani yanki, amma cikin wata takwas yawansu ya koma yadda yake.

A 1975 Guy Connolly da William Longhurst na Jami'ar Kaliforniya suka haɗa waɗannan abubuwa cikin lissafin kwamfuta. Sakamakon ya nuna cewa kafin a ƙarar da koyoti a wani yanki, sai an kashe kashi 75 cikin 100 a kowace shekara har fiye da shekara 50, kuma idan aka dakata, cikin shekara uku zuwa biyar za su farfaɗo. Masana suna kiran wannan hali haihuwar maye gurbi. Ba koyoti kaɗai ke da shi ba. A 2016 Liaan Minnie da abokan aikinsa suka gano a Afirka ta Kudu cewa dila mai baƙin baya yana fara haihuwa da wuri a gonakin da ake farautarsa fiye da a gandun daji.

Wane ne ke cin tumakin?

Ga wata tambaya da ta fi ta yawa muhimmanci ga makiyayi. A shekarun 1990, masu bincike a cibiyar Hopland ta Jami'ar Kaliforniya sun ɗaura wa koyoti na'urar rediyo a wuya, suka gano cewa mafi yawan tumakin da aka kashe aikin manya ne masu riƙe da yanki, waɗanda makiyayar ta faɗa cikin harabarsu. Dalilin a fili yake: mai ciyar da 'ya'ya shida ya fi bukatar nama mai yawa. Tun a 1983 James Till da Knowlton sun nuna a jihar Wayomin cewa idan aka ɗauke 'ya'yan daga rami aka bar iyayen, kisan tumaki yana raguwa da kusan kashi 90 cikin 100. A 2001 kuma wani gwaji a jihar Yuta ya nuna cewa koyotin da aka yi wa aikin hana haihuwa sun ci gaba da tsare yankinsu daga baƙi, amma sun rage kama 'yan tumaki ƙwarai.

Ke nan harbin kan mai uwa da wabi yana iya zubar da koyoti goma a ƙasa ya bar ainihin ɓarawon. Yana ma iya kashe wanda ɓera da zomo suka ishe shi, ya buɗe ƙofa ga baƙon da ya saba da naman tunkiya. An gudu ba a tsira ba.

Akwai kuma abin da ke biyo baya. A 1999 Scott Henke da Fred Bryant sun nuna cewa da aka rage koyoti a wasu filaye na yammacin Teksas, sai zomaye suka ƙaru, irin ɓera guda ya mamaye sauran, ƙananan masu cin nama kuma suka yawaita. A wannan shekarar Kevin Crooks da Michael Soulé suka nuna cewa a kwazazzaban birnin San Diyego, inda koyoti ya ɓace kyanwoyi sun sami sake, nau'o'in tsuntsaye suka ragu. Gawar da aka bari a daji da ɓarɓashin dalma a cikinta kuwa guba ce ga mikiya da ungulu, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa jihar Kaliforniya ta hana farauta da harsashin dalma baki ɗaya daga 2019.

Inda bindiga take da rana

Kada mai karatu ya ɗauka bindigar ba ta da amfani. Ta fi guba adalci nesa ba kusa ba, domin maharbi yana ganin abin da zai harba. Idan wasu koyoti biyu suka addabi garke a lokacin haihuwar tumaki, kawar da su yana ba makiyayi sararin 'yan watannin da 'yan tumakinsa ke bukata su yi ƙwari. Amma sauƙi ne na ɗan lokaci, a wuri guda. Gasar kashe koyoti da ake shiryawa a ƙarshen mako, inda wanda ya fi tara gawa ke karɓar kyauta, ba ta da madafa a wannan ilimi, kuma jihohi irin su Bamont a 2018, da Niyu Meziko da Arizona a 2019, sun haramta ta.

Rigakafi ya fi magani. Makiyayan Amurka da yawa sun koma ga dabarun da suka girmi bindiga: manyan karnukan da ake renonsu cikin garke tun suna ƙanana, jakin da ya tsani duk wani dangin kare, shingen lantarki, killace tumaki a lokacin haihuwa, da binne mushe don kada ya jawo baƙi.

Darasin da ɗalibin ilimin halittu zai riƙe shi ne: yawan kowace dabba ya dogara ga haihuwa da mutuwa da shigowa da fita. Bindiga, komai saurinta, ɗaya kawai take taɓawa daga cikin huɗun, sauran ukun kuma suna mayar da martani. Don haka duk wanda ya ce ya magance ɓarnar namun daji, kada a tambaye shi gawa nawa ya tara. A tambaye shi 'yan tumaki nawa suka kai kasuwa.