Bayan an sa hannu: abin da ma'aikaci ya kamata ya nema a yarjejeniyar ƙwadago

A watan Oktoba na 2024 gwamnatin Jihar Gombe da shugabannin ƙwadago suka rattaba hannu kan sabon mafi ƙarancin albashi na kusan naira 71,500, wato ɗan sama da naira 70,000 da Shugaba Bola Tinubu ya mayar doka a watan Yuli na shekarar. Adadin ya karaɗe gari, daga ofisoshin gwamnati har majalisun hira na Pantami da Jekadafari. Sai dai da yawa cikin masu murnar ba su taɓa ganin takardar da aka sa wa hannu ba, alhali a cikinta ne ake gane wanda ƙarin ya shafa, da ranar da zai fara aiki, da abin da zai rage a hannu bayan an yi yanke-yanke.

Yarjejeniyar ƙwadago ciniki ne tsakanin mai ba da aiki da ƙungiyar ma'aikata. Mutum ɗaya da ya je neman ƙari ana iya nuna masa ƙofa, domin ga masu neman gurbinsa a layi. Amma idan malaman firamare suka yi magana da bakin NUT, ma'aikatan ƙananan hukumomi da bakin NULGE, dole a saurara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tarihin albashi a Najeriya ma haka ya nuna. Mafi ƙarancin albashi na naira 125 da aka samu a 1981, zamanin Shugaba Shehu Shagari, ya biyo bayan yajin aikin da ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, NLC, ta yi ƙarƙashin Hassan Sunmonu. An kai naira 18,000 a 2011, sannan 30,000 a 2019. Babu ɗaya daga cikinsu da ya zo ba tare da jan-in-ja ba.

Abu na farko da ya kamata a fahimta shi ne, adadin da ake sanarwa na wanda ke ƙasan tsani ne. Ma'aikacin da ke mataki na 8 ko na 12 ya riga ya wuce ƙasan tsanin, don haka rabonsa yana cikin jadawalin daidaita albashi da ake tattaunawa daban. A 2019, bayan Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan naira 30,000 a watan Afrilu, sai da aka kai Oktoba ana ja kafin a daidaita kan kason da za a ƙara wa sauran matakai a gwamnatin tarayya, kuma kason yana raguwa ne yayin da mataki ke ƙaruwa. Saboda haka tambayar da ta dace ita ce: nawa aka ƙara wa matakina, kuma an zuba shi a gundarin albashi ne ko a alawus? Bambancin ba ƙarami ba ne. Alawus na wucin gadi ana iya janye shi da takarda guda, kuma ba kowane alawus ne ke shiga lissafin fansho ba.

Na biyu, ranar fara aiki. Idan yarjejeniya ta ce ƙari ya fara daga wata kaza, aka kuma jinkirta biya, kuɗin watannin da suka wuce bashi ne a kan mai ba da aiki. Idan ba a rubuta rana ba, babu ariyas da za a nema. Na uku, su wa ta ƙunsa? Jihar Gombe tana da ƙananan hukumomi 11, kuma albashin ma'aikatansu da na malaman firamare ba daga aljihu ɗaya yake fitowa da na ma'aikatan jiha ba. Ma'aikacin Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe ko na Jami'ar Tarayya ta Kashere kuwa, Abuja ce ke yanke nasa. Maƙwabta uku a layi ɗaya na iya jin sanarwa guda a rediyo, amma ɗaya kaɗai ta shafa.

Hutu shi ne ɓangaren da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Dokar ƙwadago ta ƙasa ta ba wanda ya yi wata 12 yana aiki hutun shekara na aƙalla kwana 6 na aiki, da cikakken albashi. Ta ba da hutun rashin lafiya har kwana 12 a shekara idan likita ya shaida. Mai juna biyu tana da mako 6 kafin haihuwa da mako 6 bayanta, da aƙalla rabin albashi idan ta kai wata 6 a wurin aikin, sannan mai shayarwa tana da rabin awa sau biyu a rana. Waɗannan su ne mafi ƙaranci, kuma aikin ƙungiya shi ne ta ɗaga su. A aikin gwamnatin tarayya hutun haihuwa ya kai mako 16, kuma a 2021 aka amince wa magidanta kwana 14 idan matansu sun haihu. A wurinmu akwai buƙatun da ya kamata wakilai su kai teburi a rubuta su ƙarara: hutun zuwa aikin Hajji, hutun takaba, hutun rasuwar iyaye, da na ƙaro karatu. Abin da ba a rubuta ba ya zama alfarma, mai gida ya ga dama ya ba wannan ya hana wancan.

Sai sauran haƙƙoƙi. Dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa mai ba da aiki zuba aƙalla kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kuma kashi 8, a asusun ajiyar fansho. Ta shafi ma'aikatan tarayya da na kamfanoni, jihohi kuwa kowace da tata dokar. Ganin an yanke kuɗi a takardar albashi bai isa ba, sai a duba ko sun shiga asusun. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta tanadi biyan wanda ya ji rauni a bakin aiki, kuma mai ba da aiki ne ke zuba kuɗin, ba a cire su daga albashi. Idan za a rage ma'aikata, doka ta ce a sanar da ƙungiya dalili, a kuma bi ƙa'idar cewa na ƙarshen shigowa shi ne na farkon fita, tare da la'akari da ƙwarewa.

To, idan an karya alkawari fa? An daɗe kotunan Najeriya suna kallon irin wannan yarjejeniya a matsayin alkawarin mutunci, wanda ma'aikaci ba zai kai ƙara a kansa ba sai an shigar da shi cikin sharuɗɗan aikinsa. Gyaran tsarin mulki na 2010 ya ƙarfafa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, ya ba ta ikon fassara yarjejeniyoyin ƙwadago da duba yadda ake aiki da su. Duk da haka, yarjejeniyar da ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta ƙulla da gwamnatin tarayya a 2009 ta isa darasi: rikici a kanta na cikin dalilan da suka rufe jami'o'i wata takwas a 2022. Shi ya sa ƙungiya mai wayo ba ta tashi daga teburi sai ta ga an fitar da takardar umarni a hukumance, an sa kuɗin a kasafi, an kafa kwamitin sa ido. Yajin aiki makami ne na ƙarshe, kuma yana da tsada, domin doka ta ba mai ba da aiki damar cewa ba aiki, ba biya.

Akwai kuma waɗanda rumfar ba ta rufe ba, su ne ma mafi yawa a Gombe. Dokar mafi ƙarancin albashi ta tsame wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba. Yaron shago a babbar kasuwa, lebura a Tudun Hatsi, malama a ƙaramar makarantar kuɗi, mai sayar da mai a gidan mai, kusan duk suna aiki ne da maganar baki. Amma dokar ƙwadago ta wajabta a ba ma'aikaci rubutattun sharuɗɗan aikinsa cikin wata 3 da fara aiki. Neman wannan takarda ba rashin kunya ba ne. Addini ma ya umarta a rubuta bashi, balle ladan gumi.

Dokar 2024 ta rage wa'adin sake duba mafi ƙarancin albashi daga shekara 5 zuwa 3, wato a 2027 za a koma teburi. Duk wanda ake cire wa kuɗin ƙungiya a ƙarshen wata yana da haƙƙin ya nemi kwafin yarjejeniyar daga shugaban reshensa, ya ɗora ta kusa da takardar albashinsa ya gwada, ya kuma halarci taro ya faɗi abin da yake so a rubuta a ta gaba. Shugabannin da suka san mambobinsu sun karanta takarda ba sa saurin sa hannu.