Ko Ka Sani? Jaki Ne Ke Tsare Katangun Omdurman Daga Ruwan Damina

Ko ka san cewa a tsofaffin unguwannin Omdurman da Khartum, abin da ke kare katangar gida daga ruwan sama daga cikin jaki yake fitowa? Mutanen Sudan suna kiransa zibala. Kashin dabbobi ne, musamman na jaki, ake kwaɓawa da ƙasa da ruwa, a bar shi ya tsima, sannan a yaɓe gida da shi kafin damina ta sauka.

Kowace ƙasa da lokacin da take gyaran katanga. A ƙasashen sanyi irin su Kanada da Suwidin, inda gidaje da yawa na katako ne, sai mai gida ya jira ƙanƙara ta narke, katako ya bushe, domin yawancin fentin ruwa ba ya kamawa sosai idan sanyi ya yi ƙasa da digiri 10. Shi ya sa sai wajen Mayu ake fito da tsani da buroshi. A Khartum kuwa, Mayu wata ne da zafi ke haura digiri 40. Bango kan ɗauki zafi har fenti ya bushe tun bai kama ba, ga kuma habub, guguwar ƙurar nan da ke rufe gari da rana tsaka, wadda ba ta barin ɗanyen fenti da haskensa. Ruwan shekara bai cika kaiwa milimita 200 ba, amma a dunƙule yake zuwa, tsakanin Yuli da Satumba. Saboda haka hankalin mai gidan ƙasa yana kan abu guda: a rufe katanga da rufi kafin hadarin farko.

Omdurman gari ne da aka tayar da ƙasa. Bayan da rundunar Mahadi ta ci Khartum a 1885, sai mulki ya koma can, a yammacin Kogin Nilu, jama'a suka yi ta kafa gidaje da irin ginin da suke kira jalus, wato a ɗora kwaɓaɓɓiyar laka sahu-sahu, a jira wannan ya sha iska kafin a aza na gaba. Gidan Halifa Abdullahi, magajin Mahadi, wanda aka mayar gidan tarihi a 1928, da tubalin ƙasa aka gina yawancinsa. A unguwanni irin su Abu Rof da Wad Nubawi da Baitul Mal, gidaje masu yawa sun ga jikoki da tattaɓa-kunne a haka. Laka tana hana zafin rana shiga ɗaki, tana da arha, amma ba ta jure dukan ruwa idan an bar ta tsirara.

To me ya sa jaki? Amsar tana cikin tumbinsa. Saniya da akuya da tunkiya suna tuƙa: su haɗiye ciyawa, su dawo da ita baki su sake taunawa, ta bi ta ɗakuna huɗu na ciki har ta zama laushi. Jaki ba ya tuƙa. Tumbinsa ɗaya ne, ƙarami kuma, abinci bai daɗewa a ciki. Babban aikin narkarwa sai a can uwar hanji, inda ƙananan ƙwayoyin halitta ke sarrafa harawa da kara da ƙaiƙayi. Wannan tsari yana ba shi damar rayuwa a kan busasshen abincin da wata dabbar za ta rame a kansa, sai dai ba ya niƙe zaren ciyawa duka. Ka ɗauki busasshen kashin jaki ka murƙushe a tafin hannu, za ka ga gajerun zarurruka birjik, an yanka su daidai, sun yi laushi amma ba su ruɓe ba. Magini da wuƙa ba zai iya yanka ciyawa haka ba. Idan zarurrukan nan suka shiga laka, aikin da rodi ke yi a cikin kankare shi suke yi: laka na bushewa tana tsukewa tana neman tsagewa, su kuma suna riƙe ta. Ana haɗawa da kashin shanu ma, domin yana ƙara danƙo.

Aikin kansa na hannu ne. A tara kashin a gefen gida, a zuba ƙasa, a kwarara ruwa, a tattake da ƙafa, a bar shi kwanaki yana tsima. Warinsa kan sanar da maƙwabta cewa an kusa yaɓe. Tsimawar nan ita ke sa kwaɓin ya yi yauƙi ya kama bango. Ranar aiki, wani yana miƙa kwaɓi a bokiti, mai yaɓe yana kan tsani yana danƙara shi da tafin hannu yana shafewa, har sawun yatsunsa ya fito a jikin katanga. An fi ba da ƙarfi a kan rufi, da saman katanga, da bakin indararo, domin nan ruwa ke fara ɓarna. Kwana kaɗan a ranar Khartum ya bushe, warin ya tafi. Bayan shekara ɗaya ko biyu a sake.

Wanda ya san Suk al-Arabi kafin yaƙin 2023, kasuwar da ke kewaye da Babban Masallacin Khartum, inda motocin haya daga kowane sashe na birnin ke sauke mutane, ya san cewa ba rashin fenti ne ya sa ake yaɓe da zibala ba. Kayan gini kuwa a lokacin kasuwar Sajjana cike take da su. Mutumin Omdurman yakan sayi buhya, wato fenti, ya shafe ƙofar ƙarfe da tagogi da shuɗi ko kore, ya yi wa ɗakuna farar ƙasa idan Sallah ta gabato, ya bar katangar waje da zibala. Kuma yana da gaskiya. Bangon laka yana shan danshi yana fitar da shi. Idan aka lulluɓe shi da siminti ko fentin mai, ruwan da ya shiga ta wata 'yar tsaga ba ya samun mafita, sai ya zauna yana cin lakar daga ciki. Daga waje bango sumul, ran nan sai filastar ta ɓamɓaro gaba ɗaya ta bar rami. A wurin bangon ƙasa, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan ilimi. Maginan Kano da Zariya da Katsina sun daɗe suna zuba ciyawa da kashin doki ko na jaki a kwaɓi, suna shafe da makuba ta ɓawon ɗorawa, da laso wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Kakanninmu da suka bi hanyar Makka a ƙasa, da waɗanda suka bi Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903 har suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, da jakuna da yawansu suka yi tafiyar, kuma sun tarar da ginin da hannunsu ya riga ya sani.

Zibala tana da iyakarta. A daren 4 ga Agusta 1988 an zuba ruwa fiye da milimita 200 a Khartum, wato abin da ya wuce na shekara guda, gidajen ƙasa bila adadin suka rushe. Yaɓe yana kare bango daga ruwan da ke dukansa, amma ruwan da ya kwanta a gindin katanga sai dai tushe mai ƙarfi na dutse ko jan bulo, da magudana mai kyau.

Shi kansa jakin ɗan yankin ne. Binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa a gabashin Afirka aka fara kiwonsa, kimanin shekara 7,000 da suka wuce, kuma jakin jeji na Nubiya yana cikin kakanninsa. Sudan na cikin ƙasashen da suka fi yawan jakuna a duniya. Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, aka wawashe Suk al-Arabi, mai ya yi wuya, famfuna suka ƙafe, amalanken jaki da suke kira karo shi ya riƙa kai wa unguwanni ruwa yana ɗaukar marasa lafiya. Duk da haka fataucin fatarsa zuwa ƙasar Sin yana neman ƙarar da shi a nahiyar. Nijar ta hana fitar da jakuna a 2016, Tarayyar Afirka kuma ta amince da hana yanka su don fata a Fabrairun 2024.

Mai karatu, idan kana da gidan ƙasa, kafin ka sayi buhun siminti ka nemi tsohon magini na unguwarku ya duba maka katangar. Idan kuma kana da jaki, ka ba shi ruwa da inuwa, ka rage masa kaya, kada ka sayar da shi ga masu fata.