Azawad: daga wace shekara za a fara ƙirga?

Ranar 6 ga Afrilu, 2012, ƙungiyar MNLA ta Abzinawa ta shelanta ɓalle arewacin Mali, ta raɗa masa suna Azawad. Yankunan Gao, Timbuktu da Kidal ke nan, kusan kashi biyu cikin uku na faɗin ƙasar. Babu ƙasar da ta amince da Azawad, kuma kafin wata uku masu iƙirarin jihadi sun fatattaki MNLA daga Gao.

'Yan awaren suna da hujja. Sun ce Bamako ba ta taɓa mulkinsu ba sai da Faransa, wadda ta shiga Timbuktu a 1894, ta ɗaure su wuri guda, ta tafi a 1960. Da suka yi bore a Kidal a 1963, sojan shugaban Mali Modibo Keita sun kashe mutane har da dabbobinsu. Farin 1973 ya kwashe sauran garken, Buzayen Mali da na Nijar suka watsu neman abinci. A irin wannan hali muka san su a Jega: rawani ya rufe fuska sai ido, takobi a gefe, 'yar butar shayi a kan gawayi, ana gadin shagon wani. A 1990 suka sake ɗaukar bindiga.

Bamako ma tana da tata. Timbuktu ta zauna ƙarƙashin daular Mali zamanin Mansa Musa, Gao kuwa hedkwatar Songhai ce. Har yau bakin kogin Kwara cike yake da Songhai, 'yan'uwan Zabarmawanmu, ga Fulani, ga Larabawa. Da yawansu ba a tambaye su ba aka zana musu tuta.

Ni mutumin Jandutsi wannan gardama ba baƙuwa ba ce a gare ni, don Kabi ma da aware ta fara, kuma daga hannun Gao. Wajen 1516 Kanta ya saɓa da Askiya Muhammadu na Songhai kan rabon ganimar yaƙin Agadas, ya kafa daularsa, ya gina Surame. In daga nan aka fara ƙirga, ƙasar ta Kabawa ce. In daga 1805 ne, shekarar da Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci Birnin Kabi, ta Gwandu ce. In daga 1849, Yakubu Nabame ya tayar da Kabawa, Argungu ta tsaya da ƙafarta har zuwan Turawa. Kowa da shekarar da ta yi masa daɗi, kuma duk gaskiya suke faɗa.

Ba malaman tarihi suka raba mana gardama ba. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ya ziyarci Argungu, aka yi masa kamun kifin da ya zama bikin da duniya ta sani. A 1991 aka yi jihar da ta ɗauki sunan Kabi, hedkwatarta kuma mazaunin Sarkin Gwandu, Yawuri da Zuru kowa da sarautarsa.

Mali ta kusa kama wannan hanya. Yarjejeniyar Aljiyas ta 2015 ta tanadi majalisun yanki da jama'a za su zaɓa, su riƙe harkokinsu. Mafi yawanta ya tsaya a takarda. Sojan Mali suka shiga Kidal a Nuwamban 2023, suka soke yarjejeniyar a Janairun 2024. Ƙarfi yana kama gari, amma bai amsa abin da makiyayin Kidal da manomin Gao ke tambaya ba: wa zai naɗa mai mulkinsu, kuma ina harajinsu ke tafiya.