Talotalo da Miyarsa a Ƙasar Amurka

Asalin talotalo daga nahiyar Amurka yake. Mutanen ƙasar Amurka suna da bikin godiya ga Allah, ranar Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba. A ranar, yawancin gidaje sukan gasa talotalo.

Idan yana gasuwa, kitse da ruwan naman sukan tsiyaye cikin faranti. Sai a haɗa su da garin alkama da romo da gishiri, a dama a kan wuta har su yi kauri. Wannan miya ake zuba wa naman da kirɓaɓɓen dankalin Turawa.

Naman yana gina jiki ƙwarai. Tsokar ƙirji, idan an cire fata, kitsenta kaɗan ne. Matsalar tana cikin miyar, domin nan kitse da gishiri suka taru. Mai hawan jini ya ɗan taɓa kawai. Masu dabara sukan kwashe kitsen da ya taso sama kafin su dama.

Miyar kuma tana saurin lalacewa. Ma'aikatar gona ta Amurka ta ce idan ta wuce awa 2 a waje, ba cikin firji ba, a zubar da ita.